Yaushe Ɗan Doki Ya Isa a Fita da Shi Farauta?

Da zarar an kammala girbi, gero da dawa sun shiga rumbu, ciyawa ta bushe, sai hankalin mafarauta ya koma daji. A ƙasar Hausa yawancin farauta da ƙafa ake yin ta, da karnuka da gora da baka ko bindiga, amma akwai masu fita a kan dawaki, waɗanda ke tare dabba idan ta ɓullo fili. Mutumin da ya shekara biyu ko uku yana ɗawainiyar duƙushi, yana sayen dusa da harawa, dole ya ƙagu ya ga ranar da zai hau shi cikin jama'a. To, yaushe ne dokin ya isa?

Tambayar tana da nauyi, domin doki dukiya ne. Idan jijiyar ƙafarsa ta yage, jinyarta kan kai wata 9 zuwa shekara guda, kuma sau da yawa ciwon yakan dawo. Wanda kuwa ya firgita a fitarsa ta farko zai iya zama mai tutsu har tsufansa. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafi sukuwa da hawan salla da doguwar tafiya ma, domin duk aiki ne mai wuya.

Amsar a taƙaice

- Ƙasa da shekara 3: horo a ƙasa kawai, da ragama da igiya. Babu hawa.
- Shekara 3 zuwa 4: hawa kaɗan-kaɗan, da mahayi marar nauyi, a fili mai laushi. Babu farauta.
- Shekara 4 zuwa 5: za a iya kai shi ya ga farauta, awa ɗaya zuwa biyu, a bayan jama'a, ba tare da kora ba.
- Shekara 5 zuwa 6: zai iya shiga farauta sosai, idan an shirya jikinsa kuma halinsa ya nuna ya natsu.

Shekaru su ne ƙofar farko kurum. Bayan su sai an duba ƙafa da kofato, da numfashi, da horo, da lafiya. Idan ɗaya ya gaza, a ɗage zuwa baɗi.

Abin da ya sa farauta ta fi sauran aiki wuya

Kilisa a bayan gari ana yin ta ne a kan hanyar da doki ya sani, kuma mahayi ne ke zaɓar inda zai sake shi da inda zai tsaya. A farauta kuwa dabba ce ke zaɓar hanya. Doki zai yi gudu a kan faƙo mai tauri, ya faɗa rairayi, ya ratsa gonar da tushiyar dawa ke tsaye kamar tsinke, ya kauce wa ramin gafiya, ya tsallake kwazazzabo, ya juya nan take. Ga ƙayar aduwa da farar ƙaya, ga laka da ta bushe ta tsattsage a fadama. Sa'an nan ga ihu, ga haushin karnuka, ga ganga da ƙaho da ƙarar bindiga, wani lokaci har da hayaƙi. Kuma duk wannan ba na minti 20 ba ne, yini ne guda cikin rana.

Yawancin raunuka kan zo ne bayan doki ya gaji. Idan tsoka ta gaji, nauyin kan koma kan jijiya da gaɓa, ƙafa ta fara tuntuɓe. Ɗan doki kuwa ya fi babba saurin gajiya, kuma zumuɗi ba ya barin sa ya nuna ta da wuri.

Shekaru: a buɗe baki a duba

Kada ka dogara da faɗar dillali, kuma kada girman jiki ya ruɗe ka. Duƙushi ɗan shekara ɗaya ya riga ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na tsayin da zai yi, alhali ƙashinsa bai ko kusa ƙosawa ba. Haƙora ne shaida.

Doki yana da haƙoran gaba 6 a sama, 6 a ƙasa. Na nono ƙanana ne, farare, masu ɗan wuya a gindi. Na girma sun fi faɗi da tsawo, launinsu ya ɗan ja zuwa ɗorawa. Ga yadda famfara ke tafiya:

- Shekara 2 da rabi: biyu na tsakiya, sama da ƙasa, sun faɗi, na girma sun fito.
- Shekara 3 da rabi: waɗanda ke biye da su sun sauya.
- Shekara 4 da rabi: na gefe, wato na ƙarshe, sun sauya.
- Shekara 4 zuwa 5: fiƙa ta fito wa namiji. Yawancin goɗiyoyi ba su da ita, ko kuma 'yar ƙarama ce.
- Shekara 5: baki ya cika, na gefe sun haɗu sama da ƙasa.

Wato muddin ka ga haƙorin nono a gefe, dokin bai kai 4 da rabi ba. Haka kuma ana samun ɗan bambanci na 'yan watanni tsakanin doki da doki, musamman wanda ya sha yunwa yana ƙarami.

Akwai wani abin lura. Tsakanin shekara 2 da rabi zuwa 4 da rabi doki na zubar da haƙoran nono 24, wato 12 na gaba da 12 na turame. A wannan lokaci bakinsa na yawan ciwo. Linzaminmu na gargajiya, mai zobe da harshen ƙarfe, yana da zafi ƙwarai ko ga babban doki. Idan aka sa wa ɗan doki shi, aka riƙa fizga a guje, zai yanke masa harshe da dasashi, daga nan ya koyi jefa kai da tabarya. A fara da ragama, sa'an nan linzami mai sauƙi.

Ƙashi: ƙafa ke riga baya ƙosawa

A ƙarshen kowane dogon ƙashi na ɗan doki akwai guringuntsi, inda ƙashin ke ƙara tsawo. Wannan wuri yana da rauni har sai ya daskare ya zama ƙashi. Daskarewar daga ƙasa take farawa ta yi sama. Na kusa da kofato kan rufe tun cikin shekarar farko. Na saman gwiwa kan rufe wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi. Na kafaɗa da cinya sukan kai 3 zuwa 3 da rabi. Na ƙarshe su ne na ƙashin baya da gindin wuya, waɗanda ba sa gamawa sai wajen shekara 5 zuwa 6, kuma a nan ne fa sirdi da mahayi ke zama.

Wani zai ce ai a Turai ana tseren dawaki 'yan shekara 2. Haka ne, amma a kan fili ne da aka gyara, babu rami babu ƙaya, mahayin bai cika wuce kilo 60 ba, kuma gudun na minti ɗaya ne ko biyu. Wannan daban, yini a daji daban.

Ba ana nufin a ɗaure duƙushi a turke har ya shekara 5 ba. Ƙashi da jijiya motsi ne ke ƙarfafa su. Wanda ya tashi yana yawo a fili, yana bin uwarsa, yana hawa tudu yana sauka, ya fi wanda ya girma cikin dabaibayi ƙwarin ƙafa da sanin inda zai taka.

Nauyin da zai iya ɗauka

Ƙa'idar da masu kiwon dawaki ke bi ita ce, mahayi da sirdi da duk kayan hawa kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki. Ga ɗan doki, kashi 15 ya fi.

Ba sai da sikeli ba, awon tela ya isa. Auna zagayen ƙirji, daga bayan doro zuwa bayan ƙafafun gaba, da santimita. Auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin gindi. Ninka zagayen ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Misali, ƙirji 155, tsawo 145, zai ba ka kilo 293. Kashi 20 ɗinsa bai kai kilo 60 ba, kashi 15 kuwa kilo 44 ne. Ka ga ke nan ƙaton magidanci da sirdin gargajiya mai kwacciya sun yi wa irin wannan doki yawa yana ɗan shekara 3 ko 4. A nemi saurayi marar nauyi mai sanyin hannu ya fara hawan.

Sirdi kuma ya zauna daidai. Bayan ɗan doki yana sauya kama yayin da yake cika, sirdin da ya dace bara zai iya matse shi bana. A sa zubka mai kauri mai tsabta, kada katako ya taɓa doro, a ɗaure majayi a hankali. Bayan kowane hawa a shafa gadon baya da tafin hannu. Kumburi, ko zafi, ko gashi da ya murje, alama ce miki na tafe.

Ƙafa da kofato

Kafin ka yanke shawara, yi wannan dubawar da safe kafin ya motsa:

1. Tsaya a gabansa da bayansa ka ga ko ƙafafun sun miƙe, kuma yana tsaye a kan huɗun daidai.
2. Shafa kowace ƙafa daga gwiwa zuwa kofato. Jijiyoyin bayan ƙafa su kasance da sanyi, a tsaye kamar igiya. Ka gwada ƙafar dama da ta hagu. Zafi ko kumburi ko kauri a ɗaya, matsala ce.
3. Lalubi gefen ƙashin ƙwauri ta ciki. Ɗan ƙullutu mai tauri mai zafi yakan fito wa dawaki ƙanana idan an matsa musu aiki a ƙasa mai tauri. Maganinsa hutu ne na makonni.
4. Ɗaga kofato ka goge. Kada ya zama ya tsage, ko ya yi tsawo, ko yana wari. Dawakinmu galibi ba a sa musu takalmin ƙarfe, don haka a riƙa gyara kofato duk mako 6 zuwa 8, kuma kada a datse shi gab da ranar fita.
5. Sa wani ya ja shi da sassarfa a ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo. Idan yana ɗaga kai duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka, wannan ƙafar ce ke ciwo.

Doki mai ɗingishi, kome ƙanƙantarsa, ba ya zuwa farauta. Kada kuma a yi masa allurar kashe zafi don a fita da shi, domin zai yi gudu a kan ciwon ne ya ƙarasa ƙafar.

Numfashi da juriya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zuciya da huhu da tsoka kan ƙarfafa cikin makonni, amma jijiya da ƙashi sai an ɗauki watanni. Shi ya sa doki zai ji ƙarfi yana neman gudu tun ƙafarsa ba ta shirya ba. Ga tsari na mako 12 ga dokin da ya riga ya saba da hawa, wanda za a fara tun ƙarshen damina:

- Mako 1 zuwa 3: tafiya zalla, daga minti 20 har zuwa awa ɗaya.
- Mako 4 zuwa 6: a ƙara sassarfa, minti 2 zuwa 5, a koma tafiya, a sake.
- Mako 7 zuwa 9: a ƙara sukuwa a hankali a ƙasa mai laushi, da hawan tudu.
- Mako 10 zuwa 12: fita ta awa 2 cikin irin dajin da za a yi farauta, da gudu gajere sau ɗaya ko biyu.

A ba shi hutun kwana ɗaya ko biyu kowane mako. Kada a ƙara nisa da sauri a mako guda, a ƙara ɗaya tukuna.

Yadda za ka gane shirin ya kama shi ne ta ƙirga bugun zuciya da numfashi. Lafiyayyen doki da ke hutawa, zuciyarsa na bugawa sau 28 zuwa 44 a minti, yana numfashi sau 8 zuwa 16, zafin jikinsa kuma digiri 37.5 zuwa 38.5 ne. Ana jin bugun a jijiyar da ta ratsa ƙasan muƙamuƙi, ko a ƙirji bayan gwiwar hannun hagu. Ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau 4. Numfashi kuwa a kwiɓi ake kallon sa.

Yi masa sassarfa da sukuwa na minti 10, ka sauka, ka sassauta majayi. Bayan minti 15 ka ƙirga. Idan bugun ya sauko ƙasa da 60 kuma haki ya lafa, jikin ya karɓi aikin. Idan har bayan minti 20 yana sama da 64, aikin ya fi ƙarfinsa, bai shirya ba.

Horo da hali

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin a kai doki cikin taro, ya zama yana yin waɗannan ba tare da gardama ba:

- Yana tsayawa cak a hau shi, a sauka, ko da sauran dawaki na tafiya.
- Yana tsayawa idan an ja linzami a hankali, daga kowane irin gudu.
- Yana juyawa dama da hagu, yana ja da baya.
- Yana tafiya a gaba, a tsakiya, ko a bayan wasu dawaki.
- Yana yarda ya rabu da 'yan uwansa ya tafi shi kaɗai.
- Yana ratsa ruwa, yana sauka gangare, yana tsallake ɗan rami.
- Yana bari a ɗaure shi a gindin itace, a ɗaga ƙafarsa a cire ƙaya.

Sai kuma sabo da kayan farauta, ɗaya bayan ɗaya. Karnuka su riƙa zagayawa kusa da shi a gida, har ya daina bin su da ido. Dokin da ke harbin kare zai jawo maka rigima da biyan diyya. A buga ganga daga nesa lokacin da yake cin abinci, a riƙa matsowa kwana bayan kwana. Ƙarar bindiga ma haka, daga nesa sosai, kuma yana tare da tsohon doki wanda ya saba. A riƙa juya gora a gefen kansa har ya daina kaucewa. A bar shi ya sunsuni fatar dabba da warin jini a gida, domin wasu dawakin ba sa yarda a rataya musu nama.

Abin da ake nema shi ne dokin da zai firgita ya dawo hayyacinsa da sauri. Kowane ɗan doki na firgita. Wanda ya zabura ya tsaya ya duba, ya sauke kai, wannan yana koyo. Wanda ya jiƙe da gumi tun ba a yi aiki ba, yana rawar jiki, yana haniniya ba ƙaƙƙautawa, ya ƙi ci ya ƙi sha, wannan da sauransa. Bulala da ƙaimi ba sa cire tsoro, ƙara shi suke yi.

Kada a manta yawancin dawakin hawa a wajenmu maza ne da ba a dandaƙe ba. Ɗan shekara 4 yana cikin tashen balaga, zai nemi faɗa da ingarmu, zai nemi goɗiya. A saba masa tafiya da wasu maza, biyu, uku, biyar, kafin a kai shi cikin ashirin. Goɗiya kuwa cikinta wata 11 ne, kuma wadda ke ɗauke da ciki tana ƙarama kada a haɗa mata girma da ciki da farauta.

Lafiya, abinci da ruwa

Wata guda kafin fita, a kira malamin dabbobi ya duba shi. A ba da maganin tsutsar ciki, a cire kaska. A yi rigakafin sarƙewar haƙora, domin doki na cikin dabbobin da wannan cuta ta fi kamawa, kuma ta hanyar sukar ƙaya ko tsinke take shiga. Allura biyu ce da tazarar mako 4 zuwa 6, sai ƙari bayan shekara. A tambayi malamin game da annobar dawaki da ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa daga magariba zuwa asuba, da kuma sammore idan dajin na da ƙudan tsando. Doki mai tari, ko majina, ko zazzaɓi, ko ƙurajen da ke jeruwa a ƙafa suna fashewa, a ware shi, kada ya shiga cikin dawakin jama'a.

Jikinsa ya zama tsaka-tsaki: ana jin haƙarƙari da hannu amma ba a ƙirga su da ido. Ramamme ba shi da abin da zai ƙona, mai teɓa kuma zafi zai kayar da shi.

Doki na cin kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa na busasshen abinci a rana. Mai kilo 300 ke nan kilo 6, kuma mafi yawansa ya zama ciyawa da harawa. Hatsi, gero ko dawa, kada ya wuce kilo ɗaya da rabi a ci guda, a raba shi biyu ko uku. A kula da dusa: idan ta yi yawa tana hana ƙashi samun sinadarin da ke ƙarfafa shi, har fuska ta kumbura, ƙafa ta yi rauni. Harawar wake da ta gyaɗa su ke cike wannan giɓi, don haka kada ɗan doki ya rasa su. A ajiye masa gishiri kullum. Kada a sauya abinci farat ɗaya, kuma kada a ba da hatsi mai ruma.

Ruwa lita 25 zuwa 40 a rana, cikin zafi da aiki kuwa zai iya ninkawa. Al'adar hana doki ruwa duk yinin aiki tana jawo ciwon ciki da faɗuwa. A bar shi ya sha duk inda aka samu ruwa mai kyau.

Fitar farko

- A zaɓi lokacin sanyin hunturu, Disamba ko Janairu, ba zafin Maris da Afrilu ba.
- A ba da hatsi aƙalla awa 3 kafin hawa. Harawa kaɗan ba laifi.
- A haɗa shi da tsohon doki mai natsuwa, su tafi kafaɗa da kafaɗa.
- A tsaya a baya ko a gefe, nesa da karnuka da masu bindiga.
- Idan dabba ta tashi jama'a suka zabura, kai ka riƙe naka. Ranar kallo ce. Dokin da ya koyi cewa ihu na nufin a guje, da wuya ya sake jin linzami.
- Mahayi kada ya ɗauki makami, hannunsa biyu na doki ne.
- A juyo gida bayan awa ɗaya zuwa biyu, tun bai gaji ba, tare da abokin tafiyarsa.

Masu dawaki sun san cewa fita ta biyu da ta uku sun fi ta farko wuya, domin yanzu ya san abin da ke tafe, zumuɗi ya ƙaru. Don haka kada a ce ya ci jarrabawa tun ranar farko. A bar mako guda ko biyu tsakanin fita da fita, kuma a shekarar farko fita huɗu zuwa shida sun isa.

Da an dawo, a taka da shi a hankali har numfashi ya daidaita, a cire sirdi, a ba shi ruwa, a zuba masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi. A bi ƙafafu da ciki a cire ƙaya da ƙarangiya, a wanke kowane rauni. Washegari da safe a sake shafa ƙafafu a ja shi da sassarfa, domin ciwon jijiya sau da yawa sai ya kwana yake fitowa.

Alamomin da za su sa ka sauka nan take

- Tuntuɓe a kai a kai, ko ɗingishi.
- Haki da bai lafa ba bayan hutun minti 15.
- Gumi ya ɗauke alhali ana cikin zafi.
- Ka tsunkuli fatar wuya ta ƙi komawa cikin daƙiƙa 2, ko dasashi ya bushe.
- Tsokar gindi ta sandare, ya ƙi tafiya, ko fitsari ya yi duhu. A wannan hali kada a tilasta masa tafiya.
- Yana kallon cikinsa, yana tonon ƙasa, yana neman birgima.
- Zafin jiki ya haura digiri 40.

A kai shi inuwa, a cire sirdi, a yi ta zuba ruwa, a aika a kira malamin dabbobi.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Ingila da Ailan, inda farauta a kan doki da karnuka tsohuwar al'ada ce, akasari ana fara kai doki yana ɗan shekara 4 ko 5. Babban lokacin farautarsu na buɗewa ne wajen farkon Nuwamba, amma tun Satumba sukan yi 'yan fite-fite da sassafe, marasa gudu da yawa, a nan ake saba wa ƙananan dawaki da ƙananan karnuka. Sukan ɗaura koren ƙyalle a wutsiyar sabon doki don a ba shi fili, ja kuma a wutsiyar mai harbi. Tun da dokar 2004 ta hana farautar yanyawa da karnuka a Ingila da Wales, sai suka koma bin sawun warin da aka ja a ƙasa, amma yadda ake shigar da ɗan doki bai sauya ba. Wannan dabara ta ƙyalle ba ta cin ko sisi, kowace ƙungiyar mahaya za ta iya ɗauka.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Ƙungiyar manoma ko ta masu dawaki za ta iya buɗe littafi a riƙa rubuta ranar haihuwar kowane duƙushi da ranakun rigakafi, wanda zai kashe gardamar shekaru kuma ya ƙara wa doki daraja ranar sayarwa. Za a iya haɗa kuɗi a kira malamin dabbobi rana ɗaya ya duba duka, a sayi ma'aunin zafi da awon tela na kowa da kowa, a tanadi harawa tun tana araha lokacin kaka. A kuma samu dattijo masanin doki wanda zai duba kowane sabon doki kafin fita, maganarsa ta zama ita ce yanke, domin mai abu ba ya ganin aibin abinsa.

Farautar kanta a yi ta bisa ƙa'ida: da sanin mai gari da sarkin dawa, ba a cikin gandun da hukuma ta killace ba, irin su Yankari da Kamuku da Gashaka Gumti a Najeriya ko gandun W a Nijar, ba a taɓa dabbobin da doka ta hana, bindiga da lasisi, kuma ba a sa wa daji wuta. A kiyaye gonakin rani da rogo da amfanin da ba a kwashe ba.

Doki da aka bi a sannu yakan yi aiki har ya wuce shekara 15. Idan ka duba baki da ƙafa da numfashi da hali, zuciyarka ba ta kwanta da ɗaya daga ciki ba, bar shi a gida bana, ka ci gaba da kilisa. Sannu ba ta hana zuwa.